Mai Nasara, Ɗan Amshin Danda

In ana lissafin masu murya a ƙauyukan da ke kewaye da garin Sarkin Hausa, babu wanda zai tuna da Mai Nasara, kuma shi kansa ba zai ji haushi ba. Muryarsa kauri gare ta, ba zaƙi, irin ta mai kiran shanu. Matarsa Zara'u ta sha faɗa masa haka a gaban mutane, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai ba muryar ta aura ba. Abin da Allah ya ba shi baki ne. In ya furta kalma takan fito cikakkiya, ba ya cinye farkonta, ba ya haɗiye ƙarshenta, har wanda ke can ƙarshen gona ya ji ta sarai. Da wannan bakin ya yi shekara talatin da ɗaya yana tsaye bayan Danda, mawaƙin noma, yana yi masa amshi.

Ba gādo ya yi ba. Gidansu manoma ne gaba da baya, shi kuma sana'arsa ta yau da kullum amalanke ce. Da shanunsa biyu yake ɗaukar wa mutane gero da wake zuwa kasuwar Gidan Amumune, wani lokaci har Mayahi, ya dawo da gishiri da siminti da duk abin da aka aike shi. Waƙar kuwa faɗa mata ya yi. Yana saurayi, ranar wata gayya, yana cikin sahun masu tura hauya yana bin amshi da baki kamar kowa, sai Danda ya ɗaga hannu aka tsai da ganga. Ya tambaya wane ne mai wannan mummunar murya. Aka nuna Mai Nasara, ana ta dariya. Danda ya ce, "Ku yi ta dariya. Cikinku duka shi ɗai na ji abin da shi ke cewa. Yaro, aje hauya ka zo nan." Mahaifinsa ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwarsa da kyau, daga baya ya gaji ya saki.

Wanda bai san aikin ba yakan ɗauka amshi maimaita abin da aka faɗa ne kawai. Wannan rabinsa ke nan, kuma shi ne rabin mai sauƙi. Ɗaya rabin shi ne karɓi: mawaƙi ya ɗauko baiti ya kai shi tsakiya, 'yan amshi su cafe daga bakinsa su ƙarasa, shi kuma ya samu ya ja numfashi ya shirya na gaba. Su shida ne a bayan Danda, kuma dole bakuna shidan nan su buɗe tare su rufe tare. In ɗaya ya riga, ɗaya ya makara, kalmar ta zama kunu, ba wanda zai tsinci komai a cikinta.

Nan ne Mai Nasara ya zama abin tsoro, shi da ko akuya ba ya iya tsawata wa a gida. Bai yarda ɗan amshi ya tsaya da goro a kumatu ba. Bai yarda da mai jan wutsiyar kalma don a ji daɗin muryarsa ba. Hujjarsa guda ce, kuma ya faɗe ta har abokan aikinsa sun haddace. Mai noma baya yake ba ka, iska ta ɗebe rabin abin da ka faɗa, ƙarar hauya ta ɗebe wani. Abin da yake jira shi ne ya ji sunansa da na ubansa sun fito daga bakin mawaƙa. In ya ji, sai ka ga hauya ta ƙara gudu. In bai ji ba, ko muryarka ta fi zuma, wahalar banza ka yi. Waƙoƙin da samari ke saurare a salula kuwa, waɗanda inji ya lanƙwasa muryar har ba a gane ko Hausa ake yi, ba ya zaginsu. Yakan dai saurara ya saurara, sannan ya tambayi mai wayar cikin ladabi ko ya san abin da ake cewa.

Shekaru suka sa ya san Danda fiye da yadda ya san hanyar kasuwa. Daga yadda kafaɗar Danda ta ɗaga, ya san ko baitin dogo ne ko gajere. Daga harafin farko ya san wa za a yaba. Mutane kan ce in Danda ya yi tari, Mai Nasara ya san amshinsa. Wannan magana tana yi masa daɗi ƙwarai, ko da yake yakan yi kamar bai ji ba. Bai taɓa sha'awar tsayawa gaba ba. Bayan Danda ya ishe shi, ga gonarsa, ga shanunsa, ga Zara'u da tsiwarta, yana ganin Allah ya gama yi masa komai.

Da bazarar bara waccan, wata safiya, Danda yana gyaran dangar gidansa sai ya zube. Mai Nasara ya riga ya yi lodin wake zai tafi kasuwa aka zo aka gaya masa. A nan bakin hanya ya sauke buhunan mutane, ya juya shanu, aka shimfiɗa Danda a amalanke ya kai shi likita a Sarkin Hausa, daga can mota ta wuce da shi Mayahi. Aka ce tansiyo ce, wato hawan jini, ta buge shi. Ya dawo bayan kwana ashirin da ransa, amma hannun dama ya yi sanyi, harshe kuma ya yi nauyi. In ya ce a ba shi ruwa, sai iyalinsa kawai ke ganewa. Daminar nan ba a ji ganga a gonakin garin ba. Mutane suka haɗu suka nome gonar Danda shiru, suka yi mata maimai, wato noma na biyu, suka girbe masa, babu wanda ya ce a gode masa.

Danda mutum ne mai taurin kai, kuma wannan karon taurin kan ya yi rana. Ya yi ta fama da harshensa har magana ta fara dawowa, a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya. Da damina ta sake zagayowa, wani manomin garin, Laminu, ya kira gayyar noman farko a babbar gonarsa, Danda ya aika aka ce masa makaɗa za su zo.

Mai Nasara ya yi murna, amma tsoro ya fi murnar yawa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne kada Danda ya tsaya gaban jama'a harshe ya ƙi, yara su yi dariya, manya su sunkuyar da kai don tausayi. Ya tara 'yan amshi da Na Allah mai ganga ya ce, "Maigida ba shi jin kunya muna raye. Da ya buɗe baki ku kama. Kar ku jira shi kai tsakiya, ni zan ja ku, ku dai ku biyo ni."

Haka aka yi, kuma a ido aiki ya yi kyau. Danda na ɗaga kafaɗa ya furta harafi ɗaya ko biyu, sai Mai Nasara ya cafe, sauran biyar su rufa masa baya, baiti ya fito tas. Aka yabi Laminu da ubansa da kakansa, aka zuga samari, hauya ta yi ta gudu, kafin la'asar an share gona. Mutane suka yi ta cewa ai Danda ya warke sarai. Mai Nasara ya ɗauko shi a amalanke zuwa gida yana ta zuba, yana ba da labarin yadda wane ya yi rawa da hauya, bai ko lura ba cewa tun daga gona har ƙofar gida Danda bai ce uffan ba.

Bayan kwana biyu Na Allah ya zo da saƙo. Maigida ya ce su nemi wani su sa gaba, shi ya aje waƙa.

Mai Nasara ya shiga gida, ya zauna kusa da Zara'u tana tankaɗe. Ya ce shi bai gane ba, an fita kunya, kowa ya yaba, to mene ne kuma. Zara'u tana cikin matan da suka kai fura gonar Laminu, ta kuma tsaya ta saurara. Ba ta ɗaga kai daga rariya ba ta ce, "Malam, in hwaɗi ko in yi shiru?"

"Yaushe kika taɓa yin shiru?"

"To ni dai ku na ji. Na ji ka, na ji sauran, kowace kalma ta hito. Danda kau ban ji shi ba. Na ga dattijo tsaye shina buɗe baki, kuna rufe mashi. Sau ukku na ga ya juyo ya dube ka, kai kau idonka na sama kana jin daɗin kanka."

Maganar ta yi masa zafi, don gaskiya ce. Ya ce ai don kada a yi wa Danda dariya ne. Ta ce ta sani, kowa ma ya sani, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da hantsi ya tafi gidan Danda, ya same shi a inuwar itacen bedi a ƙofar gida, yana murza ƙwallon goriba da hannun da ya yi sanyi, kamar yadda aka koya masa a likita. Suka gaisa. Mai Nasara ya fara kame-kame, Danda ya ɗaga hannu. Maganarsa a hankali take fita, kuma sau biyu Mai Nasara ya ji bakinsa na motsi zai ƙarasa masa, ya danne da ƙyar.

"Shekara guda," in ji Danda, "ina sassaƙa magana. Sabuwa. Kullum nan, ƙarƙashin iccen ga. Na zo da ita gonar Laminu. Duk na ɗauko ta, ku binne ta da tsohuwa."

Mai Nasara ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sai yanzu ya gane cewa baitocin da ya yi ta ƙarasawa ranar nan na shekarun baya ne, waɗanda ya haddace. Harafin farko kawai yake ji ya ɗora abin da ya sani, alhali mutumin wani wuri dabam ya nufa. Ya ce, "Maigida, na yi laihi. Wace magana ce? Hwaɗa mani in koya ma yara."

"A'a. Ka ji ta ran da ka iya jira."

"In harshen ya ƙiya fa, gaban mutane?"

"Shi ƙiya. Nawa ne."

Gayyar maimai ta gonar wani manomin, Sharifu, saura kwana goma sha takwas. Mai Nasara ya roƙi a ba shi waɗannan kwanaki, in bai gyaru ba Maigida ya aje waƙar, shi ma ya aje amshi. Danda ya daɗe yana murza goribarsa kafin ya gyaɗa kai.

Kullum bayan la'asar, in an taso daga gona, sai su haɗu a fili bayan gari. A nan Mai Nasara ya gano cewa duk abin da ya koya a shekara talatin bai kai wuyar yin shiru ba. Danda zai ɗauko baiti, ya kai wata kalma ya cije, kalmar kuwa tana nan a kan harshen Mai Nasara tana ƙaiƙayi. Yakan damƙe hannun na kusa da shi don kada wani ya yi wuf, har mutumin ya fara tsayawa nesa da shi. Na Allah ma sai da ya sake koyon gangarsa. Da, in mawaƙi ya yi jinkiri, ganga kan tsaya ta jira shi. Yanzu aka ce kada ta tsaya ko kaɗan, ta yi ta zagayawa a kan kiɗa ɗaya, don hauyar manoma ta samu abin bi har kalmar ta iso.

Wani aikin kuma Danda ne da kansa ya ba shi. Ya ce tun da ya kwanta kowa ke yi masa ƙarya, ko me ya faɗa sai a ce an ji, an gane. Yana son kunnen da ba ya jin kunyarsa. Saboda haka Mai Nasara kan taka har ƙarshen filin, ya juya baya kamar mai noma, Danda ya rera shi kaɗai. In kalma ta iso cikakkiya ya ɗaga hannu. In ba ta iso ba ya dawo ya ce, "Maigida, wagga ba ta hito ba, sake." Ranar farko faɗin haka ya yi masa nauyi har ya ji zufa. Danda kuwa murmushi ya yi, irin wanda rabin fuska kawai ke yi, ya sake.

A haka suka gano abubuwa. Dogayen baitocin da Danda ya yi suna da su, waɗanda yake jerowa da numfashi ɗaya, sun tafi, ba kuma za su dawo ba. Amma in ya gajarta, ya ba kowace gaɓa haƙƙinta, ya buɗe baki sosai, kalmar kan fito da wani nauyi da ba ta da shi a da. Wasu kalmomin harshen ya ƙi su ƙememe, sai a nemo 'yan'uwansu masu sauƙi a sa. Duk wannan da tsofaffin waƙoƙi ake yi. Sabuwar maganar ko sau ɗaya Danda bai ɗauko ta ba, Mai Nasara kuma bai sake tambaya ba, ko da yake abin yana cin sa. Zara'u ta ce kwanakin nan har a gida ya koyi barin mutum ya gama magana, in da ta san haka ne da tuni ta kai shi wurin Danda.

Ranar gayyar Sharifu an yi ruwa kwana biyu kafin nan, ƙasa ta yi laushi, gero ya kai gwiwa. Maza wajen arba'in suka ja sahu. Na Allah ya saki ganga, aka fara da amshin da kowa ya sani:

"Gero na kira, maza ku tura hauya."

Danda ya yabi mai gona a gajarce, 'yan amshi suka bar shi ya kai inda ya ga dama kafin su karɓa. Ba laifi. Da rana ta ɗaga sosai, mata sun fara isowa da ƙoren fura, sai Mai Nasara ya ga kafaɗar Danda ta ɗaga wani irin ɗagawa da bai san shi ba. Mai Nasara ya buɗe hannuwansa biyu ya tare 'yan amshin dama da na hagu.

Danda ya ce, "Bara..." sai ya cije.

Ganga ta zagaya sau ɗaya, ta zagaya sau biyu. Wasu daga cikin manoma suka fara waiwaye. Wata tsohuwa cikin masu fura ta ce wayyo a hankali. Mai Nasara yana kallon jijiyar wuyan Danda ta miƙe, leɓensa na rawa, kuma a karo na farko a rayuwarsa bai san kalmar da ke zuwa ba. Ko da ya so taimako, ba shi da abin bayarwa. Ya ji tsoro ƙwarai, ya riƙe mutanensa, ya jira.

"Bara na kwanta," in ji Danda, kowace gaɓa daban. "Gonata ba ta kwanta ba."

Suka karɓa su shida, baki ɗaya, suka aika da ita har ƙarshen gona. Hauya ta ci gaba. Danda ya fara kiran sunaye. Ba masu dukiya ba, ba masu sarauta ba, mutanen da suka nome masa gona bara ne, ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunan ubansa da abin da ya yi. Wanda ya zo da iri. Wanda ya bar tasa gonar da ciyawa ya fara da ta Danda. Matar da ta yi ta aiko da kunu kwana arba'in. Ashe duk yana kwance yana tambaya, yana ajiyewa. Kowane suna sai ya yi kokawa da shi kafin ya fito, ba wanda ya ƙara waiwayowa don tausayi, kowa kunne ya kasa ko nasa na tafe. In suna ya fito, 'yan amshi su ɗaga shi, mai sunan ya sunkuyar da kai ya tura hauya kamar zai tsaga ƙasa. Mai Nasara bai taɓa jin daɗin amshi irin na wannan rana ba.

Sai Danda ya juyo rabin juyowa, ya ja numfashi.

"Wanda ya zubda kayan kasuwa a hanya. Ya ɗauke ni. Ya ce ma shanu, ku yi sauri, yayana ne." Ya tsaya, ganga ta zagaya. "Mai Nasara, ɗan Abdulwahab."

Mai Nasara ya buɗe baki zai karɓa, kamar yadda ya yi sau dubu, babu abin da ya fito. Ido ya cika. Bai ma san Danda ya ji abin da ya faɗa wa shanun ba, don a ranar ya ɗauka mutumin ba ya cikin hayyacinsa.

Sauran biyar ɗin ba su jira shi ba. Suka ɗauki baitin suka kai shi, suka buɗe tare suka rufe tare, sunansa da na ubansa suka tafi har ƙarshen gonar Sharifu ba harafin da ya faɗi a hanya. Shi kuwa yana tsaye a tsakiyarsu da baki buɗe, hawaye na sauka cikin gemunsa, yana saurare.